Fatar da Ba a Karɓa Ba

Ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Yaya ce 'yar farinta, kuma a wajenmu uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta zama da shi a tabarma ɗaya, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Tun da aka yaye Yaya aka miƙa ta ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. A can ta girma, katanga ɗaya ce tsakaninta da wadda ta haife ta. In Inna tana so ta aike ta, sai ta dubi bango ta ce, "Wani ya ɗebo mini ruwa." Ko ta ce da ni, "Gaya wa waccan tuwonta yana hucewa," alhali waccan ɗin tana zaune a gabanta tana tsince wake.

Yaya ba ta ɗauki abin da zafi ba, don ita mai barkwanci ce. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Gaya wa mai tuwon waccan ta gode." Mu yi dariya. Inna ta ɗaure fuska ta shige ɗaki, amma na sha hango kafaɗunta suna rawa kafin labule ya rufe ta.

Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, inda gonaki suka matsu da juna har babu sauran daji. Kana noma a taka gonar kana jin tarin maƙwabcinka a tasa. Da Yaya ta yi aure ba ta yi nisa ba, ƙauyen da ke gaba da namu aka kai ta, a ƙafa ake zuwa ta tsakanin kunyoyin gero. Duk kaka, in an cire gyaɗa ta bushe, sai ta zo gida su yi ƙuli-ƙuli da Inna, saboda turmin Inna ya fi nata zurfi, kaskonta ya fi faɗi. Ina son kallonsu a wannan aikin. Ba sa magana, amma in Inna tana juya niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi, Yaya ta san daidai lokacin da za ta tsiyaya ruwan zafi, ta san yawansa. Mai ya taso yana ƙyalli, su matse tunkuza, hannu huɗu a kwano ɗaya, ba ɗaya da yake taɓa wani.

A shekarar da nake ba da labari na zo hutu daga kwalejin horon malamai da nake yi a birni. Aikina mulmula ne. Ina zaune a inuwar rumbu ina mulmula tunkuza, zuciyata tana can tana haɗa wasu baitoci a kan lokacin kaka. Da hantsi ne. Yaya tana tsugune a gaban murhu tana suya, Inna ta shiga ɗaki ɗauko faranti.

Ɗaya daga duwatsun murhun ne ya fashe don zafi. Na ji ƙarar, kamar an fasa ƙwarya. Kaskon ya karkace, tafasasshen mai ya malalo a cinyoyin Yaya da cikinta, sauran ya zuba a wuta, wutar ta tashi ta kama zanenta da hijabinta. Hijabin irin mai santsin nan ne, da ya ji wuta sai ya narke ya manne mata a baya. Ba na son in faɗi fiye da haka. Maƙwabta sun cika gidan, wannan da ɗanyen ƙwai, waccan da zuma, ni ina kwara ruwan randa ina kuka. Inna ce ta kashe wutar da bargon Baba. Ko a lokacin ba ta kira sunan ba. "Ke, ke, ke," kawai take cewa.

Ƙaramin asibitin garin bai riƙe mu ba. Suka sa mata ƙarin ruwa, suka ce mu wuce birni. Mijin Yaya ya same mu a hanya, ƙafafunsa da ƙasar gona.

A babban asibiti aka sa Yaya a wani ɗaki da ba a shiga sai an wanke hannu an sa riga mai tsabta. Mu kuwa muka shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya. Bayan 'yan kwanaki likitan da ke kula da ita ya tara mu, ni da Inna da Baba da mijin Yaya. Mutum ne siriri mai magana a hankali, idanunsa kullum kamar bai yi barci ba.

Ya ce ƙunar ta yi zurfi, ta kuma ci wuri da yawa. Ya ce fata ita ce rufin jiki, in babu ita ruwan jiki yana tsiyaya, ƙwayoyin cuta kuma suna samun ƙofa a buɗe. Abin da aka saba shi ne a yanko siririn saman fatar mutum daga inda yake da lafiya, a dasa a inda ya ƙone. To amma abin da ya rage wa Yaya mai lafiya bai kai ya rufe ta ba.

"Sai dai aro," ya ce. "A ɗauko daga jikin wani a shimfiɗa mata. Jikinta ba zai riƙe ta har abada ba, bayan wasu makonni zai zubar da ita. Amma kafin nan ta tsare ta, mu kuma muna ɗiba daga nata kaɗan-kaɗan. A wasu ƙasashe ana ajiye fatar mamatan da suka yi wasiyya. Mu nan ba mu da wannan. Sai mai rai, ɗan'uwa, in ya yarda."

Baba ya ce zai tambayi malamai ko ya halatta. Bai rufe baki ba Inna ta yi magana.

"A ɗauki tawa."

Duk muka juya. Inna, wadda ba ta magana a gaban suruki, wadda tun da muka zo ba ta tambayi likita yaya jikin yarinyar ba sai dai ta zungure ni in tambaya. Ta gyara mayafinta, ta dubi likitan ido cikin ido.

"Ni ce uwarta," ta ce. "Ka ɗauki iya abin da kake so."

Wannan ne karo na farko da na ji ta faɗi haka da bakinta. Baba ya sunkuyar da kai. Daga baya ya kira ƙaninsa, malamin allo ne a Gezawa, ƙanin ya ce masa ceton rai ne, babu laifi.

Likitan ya ce ba a ɗaukar fatar kowa sai an gwada jininsa. Akwai cututtukan da suke ɓuya a jiki, mutum yana yawonsa lafiya ƙalau bai san yana da su ba, kamar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Fatar da aka yanko ɗanya ce, da jininta, duk abin da ke jikin mai ita zai bi ta ya shiga jikin wanda aka shimfiɗa wa. Ya ce gara a gwada mu duka, kowa ya ba da jini, don kada a ɓata lokaci. Muka ba da. A hanyar dawowa baranda Inna tana tafiya da sauri kamar yarinya. Da yamma na gan ta tana shafa man kaɗe a cinyoyinta a bayan labulen banɗaki, tana murzawa a hankali.

"Kada su ga ta bushe," ta ce da ni.

Da sakamako ya fito, ɗaya bayan ɗaya aka kira mu. Baba ya shiga ya fito. Mijin Yaya ya shiga ya fito ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hula. Da aka kira Inna ta kama gefen hijabina, ta ce in biyo ta, ita ba ta gane maganar likitoci.

"Mama," likitan ya ce, "an samu ƙwayar ciwon hanta a jininki."

"Ni ba na ciwo."

"Haka take. Tana iya zama shekaru ba ta motsa ba."

Ya yi mata tambayoyi. Ko an taɓa yi mata ƙarin jini? A'a. Allura a kemis fa? Wa bai taɓa ba. Tsaga ko ƙaho? Inna ta yi ɗan murmushi, kamar an tambaye ta ko tana shan ruwa.

Akwai wani tsohon wanzami da yake zuwa gidanmu tun kafin a haife ni. Shi ya yi mana askin suna, mu duka. Duk shekara in an gama girbi, baya ya gaji, sai ya zo da zabirarsa ya zauna a zaure. Maza su fara, har da na maƙwabta da surukai, sannan ya shigo ciki ya yi wa manyan mata. Ya kafa ƙaho, ya tsattsaga da aska, ya tsotse mataccen jini, ya goge askar da tsumma, ya kira na gaba. Ranar ƙaho ranar nishaɗi ce a gidanmu, har kaza ake yankawa. Bayan Inna cike yake da ƙananan tabo a jere, kamar shuka a kunya. Ni ban taɓa yi ba, ganin jini yana sa ni jiri. Yaya kuwa cewa take bayanta ba ƙwarya ba ne da za a yi masa zane.

Likitan ya ce ba zai iya rantsuwa cewa daga nan ne ba, amma aska ɗaya a jikin mutane da yawa hanya ce. Daga baya na ji cewa abin da aka gaya wa Baba da mijin Yaya ke nan su ma.

Inna ta ce, "Daga jikina ta fito. Nonona ta sha. Me ke jikina da ban riga na ba ta ba?"

"Mun gwada ta, Mama. Ba ta da ita. Wataƙila bayan kin yaye ta kika samu."

"Kai ka ce ciwon yana jira shekaru."

"Haka ne."

"To ita wutar tana jira? Ka rufe ta da tawa. In ta tashi, a yi maganin hantar."

Likitan ya ajiye alƙalaminsa. Na ga maganar ta shige shi. Ya ce jikin da ya ƙone haka ba shi da ƙarfin faɗa da komai, abin da yake barci a jikin mai lafiya yana iya farkawa da ƙarfi a jikinta, ga magunguna masu nauyi da hantarta take ɗauka kullum. Ya ce da babu kowa, da ya zauna ya yi dogon tunani. Amma akwai wadda jininta ya fito lafiya. Ya dube ni.

"A'a," Inna ta ce. "Wannan budurwa ce. Ba a kai ta ɗakin miji da yanka a cinya."

Na ce, "Inna, ni na yarda."

"Ba da ke nake ba."

Baba ne ya yanke maganar da la'asar, a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin. Ya ce mijin da zai ƙi mace don tabon da ta samu wajen ceton 'yar'uwarta, gara ya ƙi ta tun daga zaure. Inna ba ta sake musu ba. Abu ɗaya ta roƙe ni.

"Kada ki gaya mata na ce a ɗauki tawa."

"Me ya sa, Inna?"

"An ɗauka ne? Ba a ɗauka ba. To mene ne na faɗa?"

Ban san lokacin da aka yanka ni ba, barci aka sa ni. Da na farka cinyata tana raɗaɗi kamar an goge ta a kan dutsen niƙa an barbaɗa barkono. Ina kwance ina tunanin cewa wannan ɗan wuri ne, saman fata ne kawai, Yaya kuwa rabin jikinta ne. Da na iya takawa na ɗingisa zuwa ɗakinta. Tana naɗe da bandeji daga ƙirji zuwa gwiwa, fuskarta kuwa wuta ba ta taɓa ta ba, sai ramewa.

"Ke da ko ɗankwali ba kya ara mini," ta ce, muryarta a dashe. "Yau kin ara mini fata."

"Ki kula mini da ita."

"In na gama zan mayar miki. Kada ki ce na tsufar da ita."

Muka yi dariya har nas ta leƙo ta ce a rage.

A waje kuwa Inna ta canza. Ta ware moɗarta da kwanonta ta ɗaure su a leda daban. Ta daina dama wa Yaya kunu da hannunta, sai ta roƙi wata mata daga Tsanyawa da take jinyar ɗanta, ta tsaya daga nesa tana gaya mata yawan tsamiyar da za ta sa. In za ta miƙo mini abu sai ta ajiye a ƙasa in ɗauka. Hannuwanta kullum suna naɗe a cikin mayafi. Ɗakin Yaya kuwa, da can takan tsaya a bakin ƙofa ta leƙa, yanzu ko kusa da ƙofar ba ta zuwa.

Babbar nas ɗin ɗakin, wata mai jiki da kowa yake kira Sista, ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ta ce wannan cuta ta jini ce, ba a ɗaukarta a gaisawa ko a cin abinci tare. Ta ce in ta wanke hannu da sabulu tana iya shiga, tana iya riƙe 'yarta a inda babu ciwo. Inna ta saurara da ladabi, ta yi godiya. Da Sista ta tafi sai ta ce da ni, "Fatar da aka ce ba ta dace ta kwanta a jikinta ba, ita ce dai a tafin hannuna. Ko akwai wata?"

Na yi bayani da duk abin da na koya a makaranta. Ta bar ni na gama.

Ta aika gida aka kawo mata saiwar rawaya, wadda ake jiƙa wa mai shawara. Ta jiƙa a gora tana sha safe da yamma, tana yamutsa fuska. Bayan wasu kwanaki ta ce in je in gaya wa likita ta wanke jininta, a sake aunawa, in an zo zagaye na biyu a ɗauki tata. Likitan ya fito da kansa ya roƙe ta ta daina shan jiƙon, ya ce zai ƙara wa hantar wahala ne, ya ce akwai magani na gaskiya da za a ɗora ta a kai in hankali ya kwanta. Ta ce to. Ta zubar da jiƙon a gindin bishiya, ta zauna tana kallon inda ƙasa ta sha.

A gonarmu akwai wani gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya take kore, shi tsirara yake tsayawa kamar ya mutu, sai rani ya shigo sannan ya yi ganye. Ina yarinya nakan tausaya masa, ina ganin kullum a makare yake. A kwanakin nan na asibiti, in na dubi Inna a ƙarshen baranda, shi nake tunawa.

Da farko fatar aron ta kama. Zafin ya ragu, Yaya ta fara cin abinci, har ta ce tana marmarin ɗanwake. Ta lura Inna ba ta leƙowa.

"Har a nan ma kunyar?" ta ce tana dariya. "Ki gaya wa mai tuwon nan babu surukai a ɗakin."

Na ce zan gaya mata.

Sai zazzaɓi ya shigo. Ya sauka, ya dawo, ya ƙi sauka. Wurin da ke bayanta, inda hijabin ya manne, inda fatata ba ta kai ta rufe ba, ya fara ruwa, ɗakin ya ɗauki wani wari da turaren asibiti ba ya rufewa. Aka canza allura, aka sake canzawa. Likitan ya daina tsayawa hira da mu a baranda. Yaya takan yi magana da Kaka, wadda ta rasu da daɗewa, sannan ta dawo hayyacinta ta tambaye ni ko an kwashe gyaɗar da ke shanya.

Wata la'asar hankalinta ya dawo sarai. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan zanen gadon. Ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Ni ban taɓa jin haushinta ba," ta ce. "Haka aka yi mata, haka ta yi. Amma na ɗauka in abu ya kai haka, ana ɗan sassautawa." Ta juyo gare ni. "Tana tambayata kuwa?"

Sai na gaya mata. Na gaya mata yadda Inna ta katse Baba, da abin da ta ce wa likita, da man kaɗen, da jiƙon rawaya, da dalilin da ya sa take naɗe hannuwanta. Yaya ta saurara har na gama. Hawaye ya gangara ya shige kunnenta, na goge mata da auduga.

"Kira mini ita."

Inna ta ƙi. Na ce, "Ta sani. Na gaya mata." Ta dube ni kallon da ban taɓa gani ba, na ɗauka za ta mare ni, sai na tuna ba za ta taɓa ni ba. Sista ce ta zo ta tsaya a kanta.

"Mama, tashi. Yau ba roƙonki nake ba."

Ta kai ta wurin famfo, ta sa ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta sa mata rigar ɗakin. Inna ta shigo ta tsaya a ƙarshen gado, wajen ƙafafu, tana kallon bango.

"Inna," Yaya ta ce, "an ce kin ce a yanka ki."

"Mutane da surutu," Inna ta ce wa bangon.

"Ashe kin san da ni."

Inna ta ci gaba da kallon bangon.

"Taɓa ni, Inna."

"Hannuna ba shi da kyau."

"Wallahi babu komai, Mama," Sista ta ce daga baya. "Ƙafarta lafiya take. Riƙe ta."

Ƙafafun Yaya suna waje, wuta ba ta kai gare su ba, har da sauran jan lallen da ta sa na bikin wata ƙawarta. Inna ta dube su. Ta miƙa hannu har ya kusa, sannan ta tsaya. Ta jawo gefen zanen gadon ta lulluɓe ƙafar dama, ta kama ta ta cikin zanen da hannu biyu.

"Ta cikin zane?" Yaya ta ce.

"Haka ya fi."

"To matsa sosai, in ji."

Inna ta matsa. Ta fara daga dunduniya ta hau zuwa yatsu, ta dawo, kamar yadda ake yi wa jariri bayan wanka. Yaya ta rufe ido. Ni da Sista muka koma jikin taga. An daɗe a haka. Can na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, kuma ba da bango take ba, ba da ni take ba.

"Kin ci abinci?"

"Kaɗan."

"Ki riƙa ci."

"To, Inna."

Iyakar hirarsu ke nan. Daga ranar Inna takan shiga kullum, ta wanke hannu, ta ja zanen, ta riƙe ƙafar. Ba ta taɓa yarda ta cire zanen ba. Sista ta kawo mata safar hannu, ta ce ba ta so, roba ce, yarinyar ba za ta ji ɗumi ba.

Yaya ta rasu da hantsi, ranar wata Laraba. Likitan ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininta ta wurin da ke bayanta. Ya tsaya a gabanmu hannuwansa a baya, ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu, Baba ya ce ya sani, Allah Ya saka. Muka dawo da ita gida ta hanyar da muka kai ta. An girbe dawa a bayanmu, gonaki sun yi fili, kana hango ƙauyen mijinta daga namu.

A zaman makoki Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a fili. Mata suna shigowa suna cewa, "Sannu da haƙuri," suna miƙo hannu, ita kuwa tana amsawa daga cikin mayafi. Suka fita suna yabon dauriyarta.

Da kaka ta zagayo wanzamin ya zo da zabirarsa. Baba ya zauna da shi a zaure suka daɗe. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga tsohon ya fito yana share ido da hannun riga, kuma tun daga lokacin duk mai son ƙaho da sabuwar rezarsa yake zuwa. Inna da Baba suna zuwa birni ganin likitan hanta. Kwanonta har yau daban yake. Ba a sake yin ƙuli-ƙuli a gidanmu ba, kaskon yana kife a bayan rumbu, kaji suna kwana a gefensa.

Cinyata ta warke, ta bar tabo mai kusurwa huɗu, ya fi sauran jikina haske. In zafi ya yi yawa yakan yi ƙaiƙayi. Wata rana da azahar, a hutun bazara, ina ɗaki na ɗage zane ina shafa masa mai, sai Inna ta shigo neman allura da zare. Ba ta taɓa ganinsa ba. Na yi saurin rufewa, ta ce in bari.

Ta tsuguna a gabana. Ta daɗe tana kallo.

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna."

"Iyakarsa ke nan?"

Na ce iyakar abin da likita ya ce jikina zai iya bayarwa a lokaci ɗaya ke nan. Ta buɗe tafin hannunta ta auna tsawonsa a iska, ɗan nesa da fatar, sannan ta auna faɗinsa. Ta zauna a ƙasa, ta ɗage nata zanen zuwa sama da gwiwa, ta ɗora wannan awon a kan cinyarta. Wuri ya rage ta kowane gefe.

"Tawa ta fi faɗi," ta ce. "Da ta kai har bayanta."

Na buɗe baki in maimaita mata abin da likita ya ce.

"Na sani," ta ce.

Ta sauke zanenta, ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ɗauki allurar da zaren a kan taga, ta fita tsakar gida, inda rigar Baba take jiranta a kan tabarma.